Gerlinda da Mai Shaho

Ranar da Gerlinda ta fara ganin Mainhard, shahonsa ta fara kamawa kafin ta ga fuskarsa.

Safiya ce mai sanyi, ganyaye sun fara zuba. Ta sauko daga gidan dutse na Osterfels zuwa bakin kogi don ta zaɓi agwagin da za a yanka kafin ƙanƙara ta rufe hanya. 'Yar Hakimi Odalrik ce tilo, shekarunta ashirin, kuma tun rasuwar mahaifiyarta makullan gidan a ƙugunta suke kwana. Tana cikin dubawa sai ga shaho ya faɗo kan agwagwar da ta fi kowace ƙiba. Gerlinda ba ta yi wata-wata ba ta kifa masa kwandon kabeji, ta hau kai ta zauna.

Can sai ga wani saurayi ya ratso kogin a kan doki, jiƙe sharkaf har ƙirji. Ya dube ta da tsohuwar rigar aikinta, ya ɗauka baiwar gidan ce, ya tambaye ta ko ta ga wani tsuntsu.

"Na gan shi," in ji ta. "A kansa nake zaune."

Saurayin ya diro a ruɗe, yana bayanin cewa shahon nan shekara biyu ya yi yana horar da shi, kuma tsuntsu ne mai zuciya, ba ya jure wulaƙanci. Gerlinda ta ce ita ma agwagwar wata shida ta yi tana ciyar da ita, ga ta nan ko motsi ba ta yi. Ta ce idan yana son tsuntsunsa, sai ya fige agwagwar da ya kashe tas, tunda shi ya jawo aikin.

Ya zauna a kan dutse ya fara figa. Bai taɓa yi ba. Gashi ya hau masa gemu, ya shiga hanci, yana atishawa tana gyara masa riƙo. Kafin ya gama ta lura yana da dogayen yatsu da dariya mai sauƙin fitowa, shi kuma ya lura duk lokacin da za ta yi masa tsiya sai girarta ta hagu ta ɗaga.

Da ya gama ya tambayi sunanta, ta faɗa, ta haɗa da na mahaifinta. 

"Ni ne Mainhard," ya ce a hankali. "Ɗan Uban Ƙasar Hohenwald na biyu."

 Shekara talatin ke nan gidajen biyu ba sa ga maciji a kan wani daji da ke tsakaninsu, har ba a ambaton sunan Hohenwald a teburin mahaifinta sai an tofar da yawu. Ta tashi daga kan kwandon, ta ce ya ɗauki tsuntsunsa ya koma ta inda ya fito. Ya ɗauka, ya hau doki, ya kai tsakiyar ruwa, sai ya waiwayo ya tambaya ko kullum takan sauko duba agwagi. Ta ce ba ruwansa. Ta ƙara da cewa ranar Talata ne.

Daga ranar shahon Mainhard ya koyi ɓata duk Talata, kuma ko yaushe a bakin kogin Osterfels yake ɓata. Ta sa masa suna Mai Shaho. Shi kuma ya ce tunda ta fi son agwagwa da mutane, Agwagwata zai riƙa kiranta. Ta ce in ya sake faɗa sai ta jefa shi a ruwa, amma washegari da tana taje kai ta kama kanta tana maimaita sunan.

Mutum ɗaya ce a gidan ta gane, Kaka Irmentrud, mahaifiyar hakimi, wadda ta haura tamanin kuma ta daina jin duk maganar da ba ta so. Wata Talata Gerlinda ta dawo, tsohuwar ta dube ta sama da ƙasa ta ce agwagin nan sun ji daɗi, har da sabon ɗankwali ake zuwa gaishe su.

Da ƙanƙara ta sauka, fita ta yi wuya, sai aka koma wasiƙa ta hannun wani tsohon mai fito da ke ƙetarar da mutane kogin. Gerlinda ta iya karatu tun tana ƙarama, kamar yawancin 'yan matan manyan gidaje. Mainhard kuwa, kamar yawancin samarinsu, doki da takobi ya sani. Bai faɗa mata ba, don kunya. Sai ya riƙa zuwa wurin limamin cocin gidansu, wani dattijo mai suna Burkhard, yana faɗa masa abin da zai rubuta. Shi kuwa Burkhard mutum ne da yake ganin murmushi ma ƙofar zunubi ce, sai ya riƙa gyara maganar a kan hanya.

Wasiƙar farko da ta iso hannun Gerlinda, ta ɓuya a rumbun cuku ta buɗe:

"Zuwa ga baiwar Allah Gerlinda. Ina yawan tunaninki, kuma ina neman gafara a kan haka. Ki sani kyau abin ƙarewa ne, tsutsar kabari ba ta bambanta kyakkyawa da mummuna. Ki yawaita azumi. Mai fatan ki cika da imani, Mainhard."

Ta karanta sau uku. Ta ce wa kanta wataƙila sanyi ne ya taɓa shi. Bayan mako biyu ta biyu ta zo:

"Na hango ki a kasuwar Asabar, na ji abin da bai kamata ba. Kasuwa ba wurin mace mai hankali ba ce. Akwai gidan mata masu zuhudu a bayan tsauni, an ce suna da ɗaki ɗaya da babu kowa. Ki yi tunani."

Gerlinda ta ɗauki alƙalami cikin haushi:

"Mai Shaho, idan ka gaji da ni ka zo ka faɗa min da bakinka, ba sai ka nemo min ɗaki ba. Ka gai da tsutsa."

Burkhard ne ya karanta masa. Ya ce masa yarinyar tana gaisuwa, tana nan lafiya, ta kuma gode da nasiha. Mainhard ya yi mamakin wace nasiha, amma ya ji daɗi, ya kwana uku yana fito.

A wannan tsakanin ne wani Hakimi Kuno ya fara zuwa neman auren Gerlinda. Mutum ne mai gidajen dutse huɗu da mata biyu a kabari, kuma hirarsa ɗaya ce, karnukan farautarsa. Ya san sunan uwar kowane kare da kakarsa. Hakimi Odalrik yana son sa, don shi kaɗai ne yake iya zama ya saurari tarihin gidan Osterfels har ƙarshe, tunda shi ma jira yake a gama ya koma kan karnuka. Tarihin kuwa kullum ɗaya ne: yadda suka fito daga tsatson Walram Mai Gatari, jarumin da ya tare gada shi kaɗai, wanda kabarinsa ke cikin ƙaramin cocin gidan. Akwai wata doguwar fata da aka zana bishiyar zuri'ar a kai, hakimi yakan sa a warware ta ga duk baƙon da ya yi kuskuren tsayawa cin abinci.

Don ta huce haushi, Gerlinda ta yarda ta zauna kusa da Kuno a cocin gari ranar bikin Kirsimeti. Mainhard yana can baya ya tsallako kogi a kan ƙanƙara don ya gan ta. Ta wuce shi ko kallo babu. Ya bi ta har bakin rijiya, ya tare ta, ya tambayi laifinsa.

Ta zaro wasiƙun daga hannun riga ta miƙa masa, ta ce ya karanta abin da ya rubuta da kansa. Ya riƙe takardar a juye. Ta dubi takardar, ta dube shi. Kunnuwansa suka yi ja.

"Ban iya ba," ya ce. "Burkhard ne yake rubuta min. Ni cewa na yi ya rubuta miki idan na tuna dariyarki abinci ba ya shiga."

Ta karanta masa abin da aka rubuta. Da ta kai kan tsutsa sai ya dafe bakin rijiyar. Ita kuwa dariya ta ci ƙarfinta har ta zauna a kan ƙanƙara, hawaye na zuba, ita kanta ba ta san na dariya ne ko na sauƙin zuciya ba.

"To Agwagwata, ashe ba ki daina sona ba?"

"Wa ya ce maka na taɓa farawa?"

Ta gyara masa wuyan riga, ta ce kada ya sake aiko mata da kalma ko ɗaya da ba hannunsa ne ya rubuta ba, ko da shekara za ta jira.

Wata biyu ta jira. Mainhard ya tsare Burkhard a ɗaki kullum da safe, ya ce tunda shi ya ɓata, shi zai gyara. Rannan mai fito ya kawo wata 'yar takarda duk tawada, haruffan kamar kaji sun yi dambe a kai:

"Gerlinda. Ni ne. Da hannuna. Ina sonki. Hannuna ya gaji. Mainhard."

Wannan ce ta ɗinke a cikin rigarta.

Da ƙanƙara ta narke, Mainhard ya sa rigarsa mafi kyau ya hau Osterfels neman aure. Hakimi Odalrik bai ko ba shi kujera ba. Ya ce ɗa na biyu ba shi da ƙasa, ba shi da gida, abin da zai gada sirdi ne da tsuntsu. Ya ce kuma ko da duniya ce da shi, ba zai haɗa jini da ɓarayin daji ba. Mainhard ya saurara da ladabi, ya ce zai dawo. Hakimi ya ce ya dawo ya ga ko ƙofa za ta buɗe.

Gerlinda ta durƙusa gaban mahaifinta bayan tafiyarsa.

"Baba, ban taɓa saɓa maka ba, kuma ba zan gudu ba. Amma in ka kai ni ƙofar coci da Kuno, limami ya tambaye ni ko na yarda, zan ce a'a yadda na bayan gari za su ji."

Hakimi ya san za ta aikata, don halin uwarsa ta ɗauko. Ya kwana biyu yana zagaye ɗaki, sai dabara ta faɗo masa. Mahaifiyar Mainhard ai jikar jikan Walram Mai Gatari ce, kowa ya sani. Coci kuwa ta hana aure tsakanin duk waɗanda suka haɗa kaka, har hawa bakwai. Ya naɗe fatar zuri'a, ya hau doki sai gidan Bishop. A gaban limamai goma sha biyu ya dafa akwatin ƙasusuwan waliyyai ya rantse cewa shi jinin Walram ne tsantsa. Bishop ya ƙirga da yatsa, ya ga yaran sun haɗu a hawa na biyar, ya ce babu aure. Hakimi ya dawo gida yana waƙa.

Ranar Gerlinda ta yi kuka na gaske. Wannan ba taurin kan uba ba ne da za a lallasa, doka ce da ko sarki ba ya tsallakewa. Kuno ya ci gaba da zuwa, har ya kawo mata ɗan kwikwiyo. Ta karɓi kwikwiyon, ta ce masa a cikin su biyu shi kaɗai za ta iya riƙewa. Ya ɗauka yabo ne.

Wasiƙun ba su tsaya ba, kuma hannun yana gyaruwa:

"Agwagwata, sun ce ke 'yar'uwata ce. Ina da 'yan'uwa mata bakwai, babu wadda nake rasa barci a kanta. Ba zan auri kowa ba. Ki ci abinci, mai fito ya ce kin rame."

Ta mayar masa:

"Mai Shahona, mai fito ya cika surutu. Ni ma ba zan auri kowa ba. Za mu tsufa, kana can ina nan, muna ɗaga wa juna sanda ta tsallaken kogi. Harafinka na uku har yanzu a kwance yake."

Ana nan, da lokacin kaka ya zagayo, tsohon sarkin ƙasar ya rasu bai bar ɗa ba. Manyan ƙasa suka taru a wani fili don zaɓen sabo. Mako uku suna jayayya a cikin ruwan sama, kowa yana tsoron kada maƙwabcinsa ya samu. Wan Mainhard yana cikin masu nema, amma ya yi ƙarfi da yawa, aka ƙi shi. Da tantuna suka fara yoyo, cuku ya ƙare, sai wani ya nuna ƙanin da ke gefe yana ba tsuntsu nama, ya ce ga ɗan babban gida wanda ba shi da ƙasa, ba shi da abokin gaba, ba kuma wanda ke tsoronsa. Kafin azahar an gama.

"Agwagwata, sun naɗa ni sarki. Ban roƙa ba. Hular ta yi min yawa, a kan kunnena take zama. Kowa yana kawo min 'yarsa in gani, jiya uku. Sun ce kafin bikin Ista in faɗi sunan matar da zan aura, ko su faɗa min. Suna ɗaya na iya rubutawa da kyau."

Labarin ya riski Hakimi Odalrik yana cin miya. Ya ajiye cokali, ya ce dama shi tun ranar farko ya ga alamar sarauta a goshin yaron nan. Kaka Irmentrud ta tambaye shi ko shi ya sa ya hana shi kujera, don kada ya saba da ƙarama.

Washegari hakimi ya ɗora wa alfadari cuku da zuma ya koma wurin Bishop. Ya ce wataƙila an yi kuskuren ƙirga, a sake dubawa, ko hawa takwas ne. Bishop ya karɓi cukun ya yi godiya, ya sake ƙirgawa, ya sami biyar. Ya ce masa muddin rantsuwar bara tana nan, hukuncin bara yana nan. Hakimi ya dawo ba waƙa. Ya shiga ƙaramin coci ya tsaya kan kabarin Walram, aka jiyo shi yana tambayar marigayin me ya kai shi haihuwa da yawa haka.

Sanyi ya wuce, saura mako uku Ista. Wata rana da hantsi Kaka Irmentrud ta kira Gerlinda ɗakinta, ta sa ta jawo wani akwati daga ƙarƙashin gado. A ƙasan tsofaffin zannuwa akwai wani mudun katako da ya sha hannu, da takarda mai hatimi.

Tsohuwar ta ce mudun na surukinta ne, Haimo, kakan hakimi. Falken gishiri ne, da jakuna ya fara, ya yi arziki, ya sayi gidan nan daga hannun na ƙarshen zuri'ar Walram, wanda caca ta cinye. Da ganuwa da rijiya da kabari duk a ciniki ɗaya suka zo. Matarsa ma 'yar mai gasa burodi ce. Ɗansa, wato mijinta, shi ya ji kunyar asalin, ya sa wani ɗan zuhudu ya zana fatar nan, ya kuma roƙe ta kada ta faɗa wa yaronsu.

"Kaka, kina da wannan kika bar ni ina kuka shekara guda?"

"Alkawari na yi wa mamaci. Kuma ina so in ga ko yaron zai daure. Namijin da aka kawo wa 'yan mata uku a rana ɗaya ya koma yana fama da alƙalami, ya isa a saɓa wa mamaci dominsa. In mun haɗu can na ba shi haƙuri, dama ya saba."

Gerlinda ta riƙe takardar. Mai fito yana bakin kogi, kwana biyu ta isa hannun sarki, magana ta ƙare. Amma ta tuna mahaifinta yana warware fatar nan, fuskarsa na haske kamar yaro. In ta aika, a gaban duk ƙasar za a mai da shi maƙaryaci, kuma 'yarsa ce ta yi. Ta ɗauki mudun da takardar ta kai masa, ta karanta masa tun daga farko har hatimi.

Hakimi ya ce ƙarya ce. Ya ce uwarsa ta rikice. Ya ce gara a rasa sarautar duniya da a ce shi jikan mai jakuna ne. Daga nan ya zauna, ya ɗauki mudun yana juyawa, ya ga inda babban yatsan wani ya cinye bakin katakon.

"Baba, ga ta nan," in ji Gerlinda. "Sunanka ne, ba nawa ni kaɗai ba. In ka ƙone ta ba zan faɗa wa kowa ba, ko shi. Kuma ba zan daina kawo maka miya ba."

Ta fita. Kwana huɗu bai ce komai ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ta ci gaba da aikinta, tana raba hatsi, tana duba masu saƙa, tana yi masa murmushi a teburi, shi kuwa murmushin ne ya fi damunsa. A rana ta biyar ya leƙo ta taga ya hango ta a bayan rumbu ita kaɗai, ta kifa fuska a jikin bango, kafaɗunta na rawa. Da ta ji motsi ta share ido ta ɗauki tsintsiya. Ya sauko ya ce a ɗaura wa dokinsa sirdi, ita ma ta shirya.

A babban zauren taro, gaban sarki da Bishop da manyan ƙasa, Hakimi Odalrik ya fito da mudu a hannu. Ya ce rantsuwar da ya yi bara bisa rashin sani ya yi ta. Ya ce shi ba jinin Walram ba ne, jikan Haimo mai gishiri ne, ga shaida. Bishop ya karanta takardar, ya duba hatimin, ya ce in haka ne babu dangantaka, sai dai hakimi zai yi azumin kwana arba'in saboda gaggawar rantsuwa.

Zaure ya ɗauki guna-guni. Kuno ya tashi ya ce shi ko karensa ba ya haɗawa da wanda ba a san kakansa ba, balle a ce jikar mai jakuna ce za ta zama sarauniya. Masu 'ya'ya mata suka gyaɗa kai. Gerlinda tana tsaye a bayan mahaifinta, ta ga wuyansa ya sunkuya, ta matsa ta riƙe masa hannu a gaban kowa.

Mainhard ya bari suka gama. Sannan ya ce maganar Kuno abin dubawa ce, asali ba abin wasa ba ne.

"Na koyi karatu bara, kuma yanzu ba abin da nake so kamarsa. Duk wanda yake da ja, ya kawo takardun gidansa na asali, ba na bango ba, in karanta su a nan kamar yadda aka karanta na Hakimi Odalrik. Wa zai fara?"

Ba wanda ya motsa. Wani ya shiga gyaran takalmi, wani ya kama tari. Kuno ya tuna an bar karnukansa a rana, ya fita. Sarki ya sauko daga kujera da kansa, ya jawo wata ya ajiye wa hakimi, ya ce, "Baba, zauna." Hakimi ya zauna, ya share ido, ya ce maganar dajin nan fa tana nan. Mainhard ya ce a bar shi ya zama kyautar da ango ke ba amarya washegarin aure, sai gidajen biyu su riƙa neman izininta kafin su sari ko reshe.

Bayan Ista da mako biyu aka ɗaura aure a ƙofar babban coci, aka shiga ciki Bishop ya shafa wa Gerlinda mai a goshi ya ɗora mata kambi. Burkhard ya nemi a ba shi dama ya yi wa amarya nasiha, sarki ya ce ya riga ya yi tasa. An gasa shanu, an buɗe gangunan ruwan inabi a titi, aka yi kwana uku ana ci, ban da uban amarya da azuminsa bai ƙare ba, yana zaune da busasshen burodi yana kallon nama na wucewa. Kaka Irmentrud da aka ɗauko a kan kujera ta ja kunnen sarki, ta ce da ta rage shekara sittin da yarinyar nan ba ta same shi ba.

Safiya ta huɗu Gerlinda ta fito ta tarar an ɗaure kaya a kan kekunan shanu, dawakai sun yi layi. Ta tambayi mijinta ina ne gidansu, don tana so ta san yawan ɗakuna da inda rijiya take.

Mainhard ya sosa ƙeya. Ya ce abin da ya manta bai rubuta mata ba ke nan. Sarki ba shi da gida ɗaya. Wata guda a wannan gari yana shari'a, wata biyu a wancan, har shekara ta zagayo, in abincin gari ya ƙare a tashi.

Girarta ta ɗaga. Ta ce wato maganar Baba gaskiya ce, mara gida ta aura.

"Gaskiya ce, ranki ya daɗe. Kin fasa?"

"Matsa min in hau. In na bar ka kai kaɗai, ƙasar nan ba za ta kai kaka ba."

Hakimi Odalrik ya matso, ya ɗora hannu ɗaya a kanta, ɗaya a kan sarki, bai damu da kambi ba. Sannan ya ce:

"Allah Ya yi muku albarka. Ya ba ku 'ya'ya masu jin magana fiye da uwarsu, Ya sa ku tsufa tare. Duk garin da kuka sauka, Allah Ya sa a yi kukan tafiyarku. Kai kuma, sarki ne ko ba sarki ba, ka riƙe min ita da kyau, ita kaɗai gare ni."

Jama'a suka amsa da amin. Aka busa ƙaho, kekuna suka motsa. Gerlinda ta yi ta waiwaye tana ɗaga hannu har tsohon ya zama ɗan ɗigo a bakin ƙofar gari, sannan ta share fuska, ta matso da dokinta kusa da na mijinta, ta tambaye shi sunan garin farko.